Ƙarancin albarushi: yadda mai ɗurin harsashi zai shirya, da yadda zai canza samfuri ba tare da ya fasa bindiga ba

Duk wanda ya daɗe yana ɗura harsashinsa da kansa a Amurka ya san albarushi yakan ɓace daga kanti, ya yi watanni ko shekaru bai dawo ba. An gani a 2009, an gani a 2013, a 2020 kuma abin ya haɗa har da faraima, 'yar hular nan da ke tayar da wuta a gindin kwanso. A 2024 kamfanin Alliant ya dakatar da sayar wa masu ɗuri albarushinsa saboda ƙarancin naitiroselulos, sinadarin da shi ne ƙashin bayan albarushi marar hayaƙi, wanda masu ƙera harsasan igwa ke wawaso tun da yaƙin Yukren ya ɓarke.

Sunayen da ke jikin robobi suna da yawa, amma masana'antun 'yan kaɗan ne. Kamfanin Hodgdon, wanda ke riƙe da sunayen albarushi na IMR da Accurate da Ramshot da Winchester, saye yake yi ya zuba a roba. Samfuran Varget da H4350 daga masana'antar Mulwala ta ƙasar Ostireliya suke zuwa, yawancin mai ƙwayoyi kamar gero daga St. Marks a Fulorida, Vihtavuori daga Finlan. Waɗannan masana'antu sojoji da manyan kamfanonin harsashi suke fara sallama, mai ɗuri a gida shi ne na ƙarshe a layi. Shi ya sa jirgin ruwa ɗaya in ya makara, samfuri guda ya ɓace daga ƙasa baki ɗaya.

Fara da lissafi kafin saye. Da giren ake auna nauyin albarushi, laba ɗaya kuma giren 7,000 ce, wato kusan giram 454. Raba 7,000 da nauyin ɗurinka. Mai zuba kusan giren 25 a kwanso nau'in .223 zai samu harsashi 280 a laba. Mai .308 da ke zuba wajen giren 44 zai samu kusan 160. Mai 9mm da ke zuba giren 5 zai samu 1,400. Waɗannan alƙaluman na ƙididdigar saye ne kawai, ba ma'aunin ɗuri ba. Wanda ke harba .308 guda 1,300 a shekara jarka ɗaya ta laba 8 ta kusa isarsa, mai ƙaramar bindiga kuwa laba biyu ko uku za su kai shi nesa. Jarkar laba 8 ta fi robobi takwas na laba ɗaiɗai, ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba. Dukkanta daga rukunin sarrafawa ɗaya take, don haka sau ɗaya za ka yi wahalar gwaji.

In ta intanet za ka saya, akwai kuɗin jigilar kaya masu haɗari, kuma a kan kowane kwali ake cajinsa, ba a kan laba ba. Hikimar ita ce a haɗa oda da abokan harbi a cika kwali. Gidan waya na Amurka ba ya ɗaukar albarushi, saboda haka duk wanda ya ce zai turo maka ta nan, ka bar shi. Lokacin ƙaranci kuma lokacin 'yan damfara ne. Shafin da ke da kowane samfuri a ajiye alhali manyan dillalai ba su da ko laba, kuma ba ya karɓar kati sai kuɗin kirifto ko tura kuɗi kai tsaye, ba shi da albarushin komai.

Babban aikin yana wajen canji. Tun kafin abin da ka saba da shi ya ƙare, buɗe littafin ɗuri ko shafin bayanan kamfanin, ka nemi harsashinka da nauyin kan harsashin da kake amfani da shi, ka fitar da samfuri uku ko huɗu da aka gwada a wannan haɗin. Da wannan takarda za ka shiga kanti. Abin da babu shi a bayanan da aka wallafa, kada ka saya da nufin za ka laluba.

Jadawalin saurin ƙuna yana ruɗin mutane da yawa. Yana nuna wane ya fi wane saurin ci, amma bai ce samfuri biyu da ke maƙwabtaka za a zuba su da nauyi ɗaya ba. Lamba ma tana ruɗi. H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 abubuwa uku ne daban, kowanne da ma'auninsa, haka H4895 da IMR 4895. Akwai 'yan kaɗan da abu ɗaya ne aka sa wa suna biyu, kamar HP-38 da Winchester 231, ko H110 da Winchester 296, kuma bayanan kamfanin da kansu sun nuna haka. Bayan irin waɗannan, ɗauki kowane sabon suna a matsayin baƙo.

Da sabon albarushi, fara daga ma'aunin farawa na littafin. In iyakar sama kaɗai aka bayar, al'adar ita ce a rage kashi 10 cikin 100. H110 da 296 ba sa cikin wannan ƙa'ida, domin in aka rage su da yawa ba sa kamawa da kyau, kan harsashi yana iya maƙalewa a bututu, harbi na gaba kuma ya tarar da shi a can. Ɗura uku zuwa biyar a kowane mataki, kana ƙara kamar giren 0.3 zuwa 0.5 a doguwar bindiga, 0.1 zuwa 0.2 a ƙarama. Rubuta nauyin a jikin kowane kwanso da alƙalamin maka. A fili, harba daga mafi ƙanƙanta, ka duba kowane kwanso kafin ka ci gaba. Faraima da ta baje har gefenta ya shafe, tabo mai sheƙi a gindin kwanso, ko sakata da ta yi tauri wajen ɗagawa, duk suna cewa ka tsaya. Sai dai alamun nan sukan makara, wani lokaci matsi ya riga ya wuce iyaka kafin su bayyana. Na'urar auna gudun harsashi ta fi su gaskiya. In gudun ya zarce na littafi alhali ba ka kai iyakar nauyi ba, mai yiwuwa matsin ma ya zarce. Iyakar matsi da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa wa .308 ita ce psi 62,000, wato laba 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma babu wanda ke iya ganin wannan da ido.

Injin zuba albarushi da cika yake awo, ba da nauyi ba. In ka bar shi a saitin mai dogayen ƙwayoyi ka zuba masa mai ƙwayoyin gero, nauyin zai canza, sau da yawa ya ƙaru. Sake saita shi da sikeli, ka auna zubi goma a jere kafin ka yarda da shi. Wanda ya koma samfuri mai saurin ci a ƙaramar bindiga ya ƙara kula, domin ɗan kaɗan ne ke shiga kwanso, zubi biyu zai shige ba tare da ya zube ba. Haska tocila cikin kowane kwanso kafin ka dasa kai. Bindigogin da gas ɗin harbi ke sarrafa sakatarsu suna da nasu sharaɗin. M1 Garand tana son matsakaicin ƙuna irin IMR 4895, mai jinkirin ci yana iya lanƙwasa sandar da ke tura sakatarta ko da matsin cikin ɗakin harsashi bai wuce ƙa'ida ba.

Ko samfurin bai canza ba, in lambar rukunin da ke jikin roba ta canza, ja baya kaɗan ka sake hawa, musamman in ɗurinka yana kusa da iyaka.

Ƙaranci yana sa mutum ya yi kwaɗayin abin da bai kamata ba. Robar da aka buɗe aka sayar a hannu, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma ba a gane albarushi da kallo. Na tsofaffin harsasan da aka kwance ma haka. Ragowar samfuri biyu ba a haɗa su a roba ɗaya. Albarushin ƙaramar bindiga a kwanson doguwa yana tarwatsa ta, marar hayaƙi kuma ba ya shiga bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi. Roba ɗaya tak za ta kasance a kan teburi lokacin aiki, in an gama a juye ragowar injin cikinta nan take.

Wanda ya yi tanadi sai ya san ajiya. Ƙa'idar NFPA 495 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wadda jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ke bi, ta yarda da laba 20 a gida cikin robobinsu na asali, har zuwa laba 50 in suna cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. Wasu wuraren sun fi haka tsanani, sai a duba dokar yankin. Kada a kulle shi a akwatin ƙarfe mai rufi gam, domin in gobara ta tashi ana so gas ya samu mafita. A ajiye shi wuri mai sanyi da bushewa, nesa da faraima da man fenti. In an kiyaye haka yana yin shekaru masu yawa. Buɗe robar sau ɗaya a shekara ka shaƙa daga nesa kaɗan. Ɗan warin sinadari irin na asiton ba komai ba ne. Wari mai yaji da ke sukar hanci, ko jar ƙura kamar tsatsa a jikin ƙwayoyin, alama ce ya fara lalacewa, kuma irin wannan yana iya ɗaukar zafi da kansa. Fitar da shi daga gida ranar, ka tuntuɓi hukumar kashe gobara ko masu karɓar shara mai haɗari na yankinka kan yadda za a rabu da shi.