Yadda Ake Fitar da Kwana Daidai Kafin Haƙa Harsashin Gini

Ka tanadi turaku uku, igiyar magina da tef ɗin awo.

1. Kafa turke a inda kwanar ginin za ta zauna.
2. Ja igiya bisa layin bangon farko, ka auna mita 3, ka kafa turke na biyu.
3. Daga turken farko, ja wata igiyar ta gefen ɗaya bangon, ka sa alama a mita 4.
4. Auna tsakanin alamar da turke na biyu. Yi ta matsar da igiyar har tef ya nuna mita 5 cif, sannan ka kafa turke na uku a kan alamar; kwanar ta fita daidai ke nan. A nan masu gaggawa ke kuskure: igiyar da ta saki ƙarya take yi, ka ɗaure ta tamau.

In ginin babba ne, ninka awon: 6, 8, 10.