Yadda za ka tayar da layin man tsohuwar akori-kura Peugeot 404

Idan 404 ta yi shekaru a ajiye, kada ka yi gaggawar murɗa makulli. Fetur ɗin da ya kwana a cikinta ya zama danƙo, kuma tashin farko zai tura shi cikin kafireta.

1. Fito da motar fili, ka cire kan batir. Babu sigari, babu wuta kusa.

2. Tsiyaye tsohon man, ka sauke tankin. A nan aikin yake. Zuba ruwa da sabulu da 'yan notuna, ka yi ta girgizawa har tsatsar ta saki, ka ɗauraye sau da yawa, ka shanya a rana ya bushe ƙarau. In ya huje, nemi wani. Don Allah kada ka kai wa mai walda, hucin fetur da ya maƙale a ciki yana fashewa.

3. Canza duk tiyon roba, ko da sun yi kyau a ido. Bututun ƙarfe kuma a busa musu iska.

4. Buɗe famfon fetur da ke jikin inji. Idan robar cikinsa ta sandare ko ta tsage, sa sabuwa, domin tsagaggiya tana zubar da fetur cikin baƙin mai.

5. Ɗaura sabuwar filta, kibiyarta na kallon kafireta.

6. Kwance kafiretar, wadda galibi ƙirar kamfanin Solex ce, ka wanke da fetur mai tsabta. Ƙananan ramukanta iska ake busa musu. Kada ka zura musu waya, tana faɗaɗa su, motar ta koma zuƙar mai.

7. Mayar da tanki da kafireta, zuba fetur lita biyar, mayar da batir, ka tayar. Bi kowace mahaɗa da ido, in ka ga ɗigo kashe nan take.