Yadda za ka yi muhawarar halatta wiwi ba tare da masu kuɗi sun yi maka wayo ba

Toh jama'a, maganar halatta wiwi ta ƙi mutuwa, duk bayan ɗan lokaci sai ta sake tasowa, ko a teburin mai shayi ko a majalisar unguwa bayan isha'i ko a rediyo, kuma a nan Kano ba ta minti biyar an fara ɗaga murya, wannan ya ce wancan ɗan wiwi ne, wancan ya ce wannan bai waye ba, shikenan a watse babu wanda ya ƙaru. Ni ban goyi bayan a buɗe kasuwar wiwi ba, na faɗa tun yanzu, amma ina so in za mu ƙi abu mu ƙi shi da sani, in ba haka ba ranar da masu kuɗi suka zo da gaske ba mu da abin kare kanmu sai ihu.

Farko dai kar ka ce uffan sai ka tambayi abokin maganarka me yake nufi da halattawa. Akwai mai nufin a yi magani da ita a hannun likita, kamar yadda Amurka ta amince da maganin farfaɗiya da aka tato daga ganyen a 2018. Akwai mai nufin a daina kai yaro gidan yari saboda an kama shi da ƙulli ɗaya, a kai shi wajen gyaran hali. Akwai kuma mai nufin a buɗe shago kowane baligi ya saya, irin na Kanada tun 2018 ko Uruguay da ta yi dokarta a 2013. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. In mutum ya ce maka ai Maroko ma ƙasar Musulmi ce ta halatta, ka ce masa dokarsu ta 2021 ta magani ce da masana'antu, ba ta ba kowa damar zuƙa ba. Yawancin wayon da ake yi a muhawarar nan a nan yake, a kawo hujjar magani a sayar maka da shago.

Sai ka riƙe na gida. Dokar hana wiwi tana nan tun 1966, NDLEA kuma, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, an kafa ta a 1989. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce 'yan Najeriya wajen miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Ka sani wannan adadin kowane ɓangare zai ja shi. Mai son halattawa zai ce kun gani, shekara hamsin ana kamu ba a rage komai ba. Kai kuma sai ka tambaye shi, da haramci ma ga inda muke, in aka sa ta a kanti fa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau gado nawa gare shi? Kar ka ƙaryata adadin don bai yi maka daɗi ba.

Yanzu ga inda nake so ka fi zama, maganar kuɗi, domin wallahi nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Duk wanda ya kawo maka ƙudiri ko kamfe a kan wiwi, kafin ka saurari daɗin bakinsa ka tambaya, wa ya biya kuɗin tallan, kuma wa zai riƙe lasisi in an gama?

A jihar Ohio ta Amurka a 2015 an kawo ƙuri'ar halattawa, ashe an rubuta ta ne yadda gonaki goma kacal za su yi noman sayarwa, kuma masu gonakin su ne suka zuba kuɗin kamfen ɗin. Mutane suka farga suka kayar da ita, har da masu son a halatta ɗin. A Florida a 2024 kamfanin Trulieve shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 140 don a buɗe kasuwar, suka samu kusan kashi 56 cikin ɗari, doka kuma tana buƙatar 60, abin ya faɗi. John Boehner da ya yi kakakin majalisar wakilan Amurka yana adawa da halattawa, bayan ya sauka sai ga shi a 2018 cikin shugabannin wani kamfanin wiwi. A shekarar dai Altria, masu sigarin Marlboro, suka sanar da zuba dala biliyan 1.8 a wani kamfanin wiwi na Kanada. Kaga wanda ya san yadda ake sa matashi ya kamu da sigari shi ne yake jiran ƙofa ta buɗe.

Amma ka yi adalci, kuɗin ba ɓangare ɗaya yake bi ba, in ka ɓoye wannan abokin muhawararka zai tona ka a gaban mutane. A Arizona a 2016 kamfanin Insys mai yin magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo ya ba masu adawa da halattawa dala dubu 500, alhali shi kansa yana haɗa nasa maganin mai sinadarin wiwi, daga baya ma aka ɗaure mai kamfanin kan ba likitoci cin hanci. Saboda haka mutum ya ce yana adawa da wiwi ba shi ne shaidar tsarkinsa ba. Dila ma da yake cin riba a ɓoye ba lallai ya so a canja komai ba.

Daga nan ka dawo da maganar gida, kar ka bari ta tsaya a Amurka. Marigayi Rotimi Akeredolu yana gwamnan Ondo ya je har Tailan a 2019 yana neman a bar noman wiwi don magani da kuɗin shiga, an kuma kai ƙudiri majalisar wakilai, a 2023 aka jingine shi. Tailan ɗin kanta ta saki a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Toh ka haɗa wannan da yadda siyasarmu take. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kar kuɗin kamfen ɗinsa ya wuce naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, amma fom ɗin takarar shugaban ƙasa kaɗai a APC miliyan 100 aka sayar da shi a shekarar. Wanda ya shiga majalisa da bashi a wuya, in kamfani ya zo masa da ƙudiri da jaka, me kake tsammani?

Kuma mu a Kano mun ga abin da ido. Lokacin kamfe ka tsaya bakin titi ka ga motar 'yan jagaliya ta wuce, yara sun maƙale a jikin ƙofa ido jajir, bakin nan ya bushe, wani bai kai ashirin ba, da gora a hannu. Wa ya ba su kuɗin abin da suka sha? Gobe kuma ka ji ana wa'azin yaƙi da shaye-shaye a kan dandamali. In kana muhawara ka kawo wannan, ba tare da kiran sunan kowa ba sai kana da hujja a hannu, dan Allah, ƙazafi ba hujja ba ne.

Maganar addini kuwa ka faɗe ta kai tsaye, duk abin da ke sa maye haramun ne, babu kunya a ciki. Sai dai ka san da wa kake magana, in doka ce ta ƙasa baki ɗaya akwai wanda zai ce maka ai giya ma ana sayarwa, sai ka tanadi amsar lafiya da ta tarbiyya a gefe. Kuma kar ka zagi masu sha, a majalisar da kake zaune da wuya a rasa wanda ƙaninsa ko ɗansa yake ciki, yana jin ka yana shiru.

In aka sake kawo ƙudirin, ka nemi kwafinsa ka duba kuɗin lasisi nawa ne, hukuma ko minista wa zai raba, manomin ƙauye zai iya samu ko sai mai kamfani, an hana talla ko ba a hana ba, nawa aka ware wa asibitin masu taɓin hankali da gidajen gyaran hali, sannan ka kira ofishin ɗan majalisar mazaɓarku ka tambaye shi ina ya tsaya.