Yadda Ake Rage Kuɗin Aiki a Kamfanin Jiragen Sama Mai Araha

Idan kana da niyyar zuba jari a kamfanin jiragen sama mai arahar tikiti, ko an ɗauke ka aiki a irinsa, akwai lissafi guda da nake so ka fara koya kafin komai: nawa kowace kujera take ci a kowace kilomita da jirgi ya yi a sama. Ka tattara duk abin da ka kashe, mai da haya da albashi da gyara da kuɗin filin jirgi, ka raba da yawan kujerun da ka tashi da su da nisan da suka yi. Na yi shekaru a sashen tsara tashin jirage, kuma abin da na gani shi ne masu kamfani sun fi son zancen farashin tikiti. Saukar da farashi aikin yini ɗaya ne, kowa zai iya. Wanda kujerarsa ta fi ta abokan gasa arahar ɗauka shi ne zai iya jure wannan farashin har shekara ta zagayo.

Ka fara da nau'in jirgi, kuma ka tsaya a kan guda ɗaya. Southwest ta Amurka, wadda ta soma tashi a 1971, ta gina kanta a kan Boeing 737. Ryanair ta Ayalan ma kusan duk jiragenta 737 ne, easyJet ta Ingila kuma dangin Airbus A320. Dalilin a fili yake. Matuƙi ba ya tuƙa kowane irin jirgi sai wanda ya yi horo a kansa, injiniya ma lasisinsa na nau'i ne. Da zarar ka haɗa nau'i uku, ka buɗe rumbun kayan gyara uku da horo uku, kuma ranar da matuƙin wannan ya kwanta rashin lafiya, na wancan yana zaune a ofis amma ba zai iya karɓarsa ba. Na taɓa aiki a inda aka sayo wani jirgi don kawai an same shi da araha. Wata 'yar na'ura ta lalace, babu irinta a ƙasar, jirgin ya yi makonni a ajiye ana biyan inshorarsa da kuɗin wurin ajiya.

Girman jirgin ma abin dubawa ne, kuma a nan ne kwaikwayon Turai yake cutar da mutane. Ryanair tana cika kujeru 189 a 737-800 saboda tana da miliyoyin fasinjoji masu tafiya hutu. Tsakanin Kano da Abuja, ko Abuja da Gombe, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma ba kullum za ka sami mutum 189 ba. Jirgi mai farfela irin ATR 72-600, mai kujeru kusan 70, yana shan mai ƙasa da jet mai girmansa nesa ba kusa ba a gajeriyar tafiya. Da shi Green Africa ta Najeriya ta fara a 2021, Jambojet ta Kenya kuma Dash 8 take amfani da shi, shi ma mai farfela ne. Na san fasinjojinmu da yawa suna raina mai farfela, suna ganin tsohon yayi ne. Wannan aikin wayar da kai ne, kuma ya fi sauƙi a kan tashi da rabin kujeru babu kowa.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi komai, shi ne awannin da jirgi yake yi a sama kowace rana. Motar haya da ke fake a tasha ba ta kawo ko sisi, amma mai ita yana jiran balas da yamma. Haka jirgi yake. A ɗauka misali hayarsa dala dubu 300 ce a wata. Idan yana tashi awa 6 a rana, kowace awa tana ɗauke da hayar sama da dala 1,600. Idan ka kai shi awa 12, ta koma kusan 830. Jirgi ɗaya, haya ɗaya, amma nauyin da ke kan kowane tikiti ya ragu da rabi.

Hanyar samun waɗannan awanni ita ce saurin juyawa a ƙasa. A 1972 kuɗi ya yanke wa Southwest har ta sayar da ɗaya daga cikin jiragenta huɗu, sai ta tilasta wa kanta sauke fasinja da ɗaukar wasu cikin minti 10 don jirage uku su yi aikin huɗu. Yau da matakan tsaro suka ƙaru, minti 25 zuwa 30 ake nema. Ga yadda ake yi. Kafin jirgi ya sauka, motar mai da masu kaya da matakala suna wurin suna jira, takardar da ke nuna nauyin jirgi da yadda aka rarraba kaya da fasinja a cikinsa an riga an fara ta. A buɗe ƙofar gaba da ta baya lokaci guda. Ma'aikatan cikin jirgi su tattara shara tun kafin a sauka, don kada a jira masu shara. Fasinjojin da za su hau an riga an duba takardunsu, an tsayar da su a bakin ƙofa. Kuma a sa mutum ɗaya, da agogo a hannu, wanda shi ne mai faɗa a kan wannan juyawar daga farko har ƙarshe. Sannan ƙofa tana rufuwa a kan lokaci. Idan aka jira babban mutum na minti 20 da safe, wannan jinkirin yana bin jirgin duk yini, har tashin ƙarshe ya tarar an rufe filin da za shi.

Wannan ne ya kawo mu kan matsalar da Ryanair ba ta sani ba. Filayen jiragenmu da dama ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, saboda rashin fitilun titin sauka ko rashin ma'aikatan dare. Ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, da yakan hana sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Don haka ka tsara jadawali da wayo: ƙananan filaye da rana, sannan sassafe da dare ka bar su ga Legas da Abuja da Kano, inda ake aiki har dare. A lokacin hazo kuma ka rage tashi da kanka tun kafin yanayi ya rage maka, domin soke tafiya bayan fasinja sun taru ya fi tsada.

Sai mai. A duniya yakan ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin aiki, a Najeriya kuwa kamfanoni suna cewa ya kai kashi 40. A 2022 lita ta tashi daga kusan naira 190 zuwa 700, har ƙungiyar kamfanonin jirage ta yi barazanar dakatar da tashi a watan Mayu. Ba ka da iko da farashi, amma kana da iko da yawan abin da kake ƙonawa. Bayan sauka, a tafi wurin tsayawa da inji ɗaya. A ƙasa, a haɗa jirgi da wutar filin jirgi maimakon barin ƙaramin injin wutsiya yana ci. Kada a cika tankin ruwa fal don tafiyar minti 50. A riƙa wanke cikin inji, musamman bayan ƙurar hunturu, saboda inji mai datti ya fi shan mai. A sa kujeru marasa nauyi, a maye gurbin jakunkunan littattafan matuƙa da kwamfutar hannu. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma sau dubbai ake maimaita shi a shekara.

Man jirgi ya fi tsada a filayen Arewa fiye da Legas saboda a tanka ake kawo shi, shi ya sa ake sha'awar ɗibar na zuwa da dawowa daga Legas. Wani lokaci akwai riba, wani lokaci babu, domin nauyin ƙarin man shi ma mai yake ci. A lissafa kowace tafiya, kada a mayar da shi al'ada. Matatar Ɗangote ta fara fitar da man jirgi a 2024, don haka ka nemi yarjejeniya ta dogon lokaci da dillali maimakon sayen yau da gobe. Amma man ajiya da doka ta wajabta, da ƙarin da matuƙi ya ce yana so saboda yanayi, waɗannan ba wurin tsimi ba ne. Haka gyara da hutun matuƙa. Manajan da ya matsa wa kyaftin a kan wannan bai cancanci kujerarsa ba, kuma ina faɗin haka da gaske, rayukan mutane ne a ciki.

Babban ramin da kamfanoninmu ke faɗawa shi ne dala. Tikiti da naira ake saye, amma haya da inshora da kayan gyara da horon matuƙa a na'urar kwaikwayo duk da dala ake biya. Da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 1,500 cikin watanni, bashin kowa ya ninka yana zaune. Ka guji dogara da hayar jirgi tare da matuƙansa da ma'aikatansa, wadda kusan komai nata dala ne. Ka nemi hayar jirgi zalla, ka sa naka mutanen. A da masu ba da haya suna gudun Najeriya don tsoron ba za su iya ƙwato jirginsu ba idan aka kasa biya. A Satumbar 2024 aka sa hannu a kan ƙa'idar kotu ta aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke kare haƙƙin masu ba da hayar jirgi, kuma hakan ya fara sassauta musu zuciya. Gyaran da za a iya yi a gida, a yi shi a gida. Kuma ka nemi aƙalla hanya ɗaya da za ta riƙa kawo maka kuɗin waje.

Game da kuɗin shiga, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Ryanair ke samu daga kaya da zaɓen kujera da abinci yake fitowa. Za ka iya yin haka, amma ka san mutanenka. Fasinjanmu ɗan kasuwa ne ko mai tsaraba, ba ya tafiya da 'yar jaka ɗaya. Ka sayar da kilon kaya da rahusa tun lokacin sayen tikiti, ka rubuta farashin ƙarara, har da Hausa. Rigimar kaya a kanta tana cinye mintunan da ka wahala ka tara. Ka sauƙaƙa saye ta waya da tiransifa, amma kada ka kori ejan, domin a Kano har yanzu mutane da yawa ta hannunsu suke saye.

Gwamnatocin jihohi masu sababbin filaye, irin su Dutse da Birnin Kebbi da Bauci, sukan so jirgi ya riƙa zuwa, kuma ana iya samun rangwame ko tallafi. Ka karɓa, amma kada ka gina hanya a kansa kaɗai, saboda gwamna yana sauka.

To ina aka dosa? A Amurka salon jirgi mai araha ya fara tsufa: Spirit ta nemi kariyar fatara a Nuwambar 2024, ta sake a Agustan 2025, Southwest kuma ta fara karɓar kuɗin jaka a 2025 bayan shekaru tana alfahari da kyauta. A Indiya kuwa IndiGo ta yi odar jirage 500 a tashi ɗaya a 2023. A Afirka, Fastjet ta durƙushe a Tanzaniya, Mango da Kulula sun rufe a Afirka ta Kudu, FlySafair da Jambojet kuma, da suka fara a 2014 kuma yanzu kowacce take kan nau'in jirgi ɗaya, suna nan. Sababbin injuna irin na A320neo suna rage shan mai da kusan kashi 15, sai dai matsalar injin Pratt & Whitney a 2023 ta ajiye ɗaruruwan jirage a ƙasa, don haka ka karanta sharuɗɗan diyya kafin ka sa hannu.

Ni inda nake hangen kasuwa shi ne hanyoyin da babu mai yi. Kowa ya taru a Legas zuwa Abuja ana yanka juna, alhali ɗan kasuwar Kano mai son zuwa Yamai ko Njamena sau da yawa sai ya zaga ta wata ƙasa ko ya hau mota. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya a Janairun 2018, amma izinin sauka da harajin da ke kan tikiti har yanzu suna da nauyi, don haka ka fara neman izini da wuri, shekara guda kafin jirgin ya iso. Ga kuma Umara: Kano zuwa Jidda tafiyar kusan awa 5 ce, A320 yana yin ta ba tare da tsayawa ba, ana iya tashi da dare a dawo da safe, lokacin da jirgin da yana kwance a Kano ana biyan hayarsa.