Yadda ake jera roƙe-roƙen farko kafin a fara sauraron ƙarar neman haƙƙi

A Najeriya, ƙara kan yi shekara biyu a babbar kotu ba a kira shaida ko ɗaya ba, sau da yawa don lauyoyi na kawo roƙonsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ci zama guda. Ga yadda za ka tsara naka.

Fara da hurumi. Tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka kafa cewa duk abin da kotu ta yi ba tare da hurumi ba aikin banza ne, komai kyansa. Idan kai ne lauyan wanda ake ƙara, duba ko sammaci ya isa gare shi yadda doka ta ce. Idan yana wata jiha, akwai bayanin da dokar isar da takardun kotu ta wajabta a rubuta a jikin sammacin, kuma a ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya amsa sammacin. Idan jami'in gwamnati ne, duba ko an shigar da ƙarar cikin wata 3 da faruwar abin da ake ƙara a kai, kamar yadda dokar kare jami'an gwamnati ta tanada, sai dai wannan kariyar ba ta shafi rikicin fili ko na kwangila ba. Ka samu matsala? Shigar da ƙorafinka nan take.

Sai dai fa, in akwai roƙo biyu a gaban alƙali, ɗaya na neman gyara kuskure, ɗaya na neman a kori ƙarar saboda wannan kuskuren, na gyaran ake fara ji. Haka Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Nalsa da NNPC a 1991, kuma a ganina adalci ke nan.

Roƙon gaggawa, kamar a hana sayar da gidan da ake rikici a kai, shigar da shi tare da ƙarar. Umarnin da aka samu a bayan idon ɗaya ɓangaren na ɗan lokaci ne, don haka haɗa shi da roƙon da za a saurara a gaban kowa.

Sauran, irin su ƙarin lokaci, gyaran takardu ko shigo da wani cikin ƙarar, tattara su ka shigar lokaci guda, kowanne da takardar rantsuwa da rubutaccen bayani. A Babbar Kotun Abuja ɗaya ɓangaren na da kwana 7 ya mayar da martani, saboda haka kada ka karɓi ranar zama da ta riga cikar wa'adin nan. Kafin ranar kuma, je wurin rajistara ka tabbata shaidar isar da takardun tana cikin fayil, domin in babu ita alƙali ɗage zaman kawai zai yi.