Ƙasa mai gishiri da ƙasa mai kanwa: kurakuran da ake ta tafkawa da yadda za a gyara

Jama'a barkanmu da war haka. Duk wanda ya san yankin Yusufari da Yunusari a Yobe, ko ya tsallaka Nijar wajen Maine-Soroa da Gudumariya da Gure, ya san kwarurukan nan da ke tsakanin tudun yashi, goruba da dabino sun zagaye su, tsakiya kuma ƙasa ta yi fari fat da rani. A can kanwa arziki ce, haƙa ake a loda a mota a kai kasuwa. To amma irin wannan farin idan ya ɓullo a makiyaya ko a fadamar da mutum ke lambu, nan ne ake shiga ruɗani, kowa da maganin da zai faɗa maka, kuma wallahi yawancin magungunan nan ƙara lalata wurin suke.

Babban kuskuren, wanda sauran duk daga shi suka fito, shi ne a ga fari-fari ko a ga wuri ya ƙi ciyawa sai kawai a ce ai gishiri ne. Cuta biyu ce daban, akwai kuma ta ukun da ta haɗa duka biyun. Tun 1954 masana a ɗakin binciken gishirin ƙasa da ke Riverside a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fitar da ma'aunin da har yau da shi ake aiki. Ana kwaɓa ƙasar da ruwa a tace, a auna yadda lantarki ke ratsa ruwan, shi ne abin da zaka ga an rubuta EC a takardar sakamako, idan ya wuce 4 to ƙasar mai gishiri ce. Sai a duba cikin sinadaran da ke manne a jikin yumɓun kashi nawa ne sodiyam (babban sinadarin da ke cikin kanwa), wannan ma'aunin shi ne ESP, idan ya kai kashi 15 cikin 100 to ta zama irin mai kanwa, kuma galibi pH ɗinta, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ƙasa, zai haura 8.5, wani lokacin har 10. Idan EC ya wuce 4 kuma ESP ya kai 15 to ka haɗu da mai duka biyun.

Me ya sa bambancin ya dame mu? Saboda yadda suke kashe shuka ba ɗaya ba ne. Mai gishiri zalla jikinta lafiya lau, ruwa na shiga yadda ya kamata, ƙasar ma a warware take, matsalar dai gishirin yana riƙe ruwan ne saiwa ta kasa zuƙa, sai kaga ƙasa a jiƙe amma shuka ta yi yaushi da rana, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya fito nan ɗaya can ɗaya. Ita ko mai sodiyam jikin ƙasar ne ya mutu. Sodiyam yana sa ƙwayoyin yumɓu su rabu da juna su narke cikin ruwa su je su toshe 'yan kafofin da ruwa da iska ke bi, in an yi ruwan sama sai ya kwanta a sama kwana da kwanaki ruwan ya yi kalar madara-madara ko ƙasa-ƙasa ya ƙi yin garau, ka taka santsi, ka tona taƙi ɗaya ka tarar ƙasan a bushe ƙamas, in kuma ta bushe sai ta zama kamar daɓen siminti, diga ma tsalle take. Wani lokacin ma ba fari za ka gani ba, baƙin tabo ne mai maiƙo-maiƙo, saboda kanwar ta narkar da ruɓaɓɓen ganye da taki ta turo su sama, mutane su ɗauka ƙasar ta yi ƙarfi ne alhali alamar ciwo ce.

Ga ɗalibai 'yan aikin gona da ke rubuta jarabawa ko furojet, a tsarin rabe-raben ƙasa na duniya mai gishirin ita ce Solonchak, mai sodiyam ɗin kuma Solonetz, sunayen daga masanan Rasha aka gado su. A tsarin Amurka kuma na busassun wurare suna ƙarƙashin Aridisols. Inda ake yawan zamewa shi ne a ga pH ya kai 8 sai a rubuta ƙasar mai sodiyam ce. A'a. Ƙasar da ke da farar ƙasa a cikinta tana zama wajen 8 zuwa 8.3 kuma lafiyarta ƙalau ta wannan ɓangaren, sai ka auna sodiyam ɗin kafin ka sa mata suna. Haka kuma ba a ba ƙasa suna Solonetz don saman ta, sai an tona an ga wani falle a ƙasa wanda yumɓu ya taru a ciki tare da sodiyam.

Wannan ya kawo mu kuskure na gaba, yanke hukunci daga tsaye. Dan Allah a tona rami, ko da zurfin gwiwa zuwa ƙugu ne. A irin wannan ƙasar sau da yawa zaka tarar sama akwai ɗan yashi mai laushi, bai fi faɗin tafin hannu ba, ciyawa na kama shi, sai kwatsam shebur ya ci karo da wani abu mai tauri, in ka share yashin a hankali da hannu zaka ga ƙasar ta tsattsage tsaye-tsaye, ginshiƙi-ginshiƙi jere, kan kowanne a mulmule da ɗan fari-fari a samansa, saiwoyin ciyawa kuma sun iso nan sun lanƙwashe gefe ko sun bi ta tsagar kawai. In ka ga haka ba sai an faɗa maka ba, fallen sodiyam ɗin ke nan. Sannan wajen ɗibar samfur a daina haɗa ƙasar wurin da ya lalace da ta wuri mai kyau a leda ɗaya, sakamakon zai fito tsaka-tsaki ya yaudare ka. Kowanne ledarsa, na sama daban, na santimita 30 zuwa 60 daban, a rubuta a jiki. Kuma a tuna da damina ruwa yana tura gishirin can ƙasa, da rani ya dawo sama, wanda ya sayi fili a watan Agusta yana murna zai iya ganin wani abu daban a watan Maris. Wuraren gwaji akwai su, cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru Zariya, cibiyar noman busassun wurare ta BUK, cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, a Nijar kuma INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar.

Kafin ma ka je lab akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Samu kofin gilas ka zuba ruwan sama, ba na rijiya ba don shi yana iya zuwa da nasa gishirin, ka ɗauki ɗan busasshen ɓarɓashin ƙasar kamar girman ƙwayar gyaɗa ka saka a hankali, kar ka motsa kar ka girgiza. Ka je ka dawo bayan awa biyu. In ya ruguje kawai ya zauna a ƙasan kofin ruwan na nan garau, babu matsalar sodiyam sosai. In kuwa ka ga wani hazo-hazo ya zagaye shi ruwan ya gurɓace, to yumɓun na narkewa ne, sodiyam na nan.

Sannan ba kowane fako ba ne kanwa. Wani fakon zaizaya ce ta kwashe saman, ko kofaton dabbobi ya daddaɓe shi, irin wannan ramukan tare ruwa da ake kira rabin wata da tassa, haɗe da taki, suna dawo da shi, mutanen Tawa sun nuna wa duniya haka. Amma akwai wanda asalinsa sodiyam ne, irin wanda Fulanin arewacin Kamaru wajen Marwa ke kira harde, a Chadi kuma a ce naga, fili fetal sai aduwa jefi-jefi. Gwajin kofin nan zai taimaka maka ka raba su.

To sai maganar ruwa, nan ne 'yan lambu suka fi faɗawa. An ji ance ruwa na wanke gishiri, gaskiya ne, amma wanke shi zuwa ina? In ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, mita ɗaya ko biyu, kuma babu magudana, duk ruwan da ka labta ƙara ɗago shi kake, rana ta zuƙe ruwan ta bar maka gishirin a sama fiye da da. Sai an fara haƙa magudanar da za ta fitar da ruwan daga filin tukunna. In akwai mafita, abin da aka saba ƙiyastawa shi ne ruwa mai zurfin santimita 30 yana fitar da wajen kashi 80 cikin 100 na gishirin da ke cikin santimita 30 na saman ƙasa, kuma a ba shi kashi-kashi ya fi a malala shi lokaci ɗaya. Shi kansa ruwan a auna shi, na bohol ko tubwel da EC ɗinsa bai kai 0.7 ba babu damuwa, wanda ya wuce 3 kuwa kana zuba wa gonarka gishiri ne da kuɗin fetur ɗinka, don kowane maki ɗaya na EC kusan miligiram 640 ne na gishiri a lita guda, ka lissafa lita nawa injin ke turowa a wuni.

Mafi muni shi ne wanke mai duka biyun da ruwa zalla. Gishirin da ke cikinta shi ne ke riƙe yumɓun bai tarwatse ba, kana wanke shi sodiyam ya rage shi kaɗai, ƙasar da da ruwa ke shiga sai ta rufe ruf, ka tashi daga ƙaramar matsala ka koma babba. Irin wannan sai an fara sa jifsam, wani farin dutse mai laushi, sannan ruwa ya biyo baya.

Jifsam ɗin nan shi ne maganin sodiyam, kalshiyam ɗin da ke cikinsa yana ture sodiyam daga jikin yumɓu, ruwa kuma ya tafi da shi. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ana haƙo shi a Fika da Fune a Yobe, da Nafaɗa a Gombe, da yankin Sakkwato, kamfanonin siminti ke saye. A niƙa shi ya yi laushi a cuɗa da saman ƙasa, kuma ba abin buhu ɗaya ba ne, don cire ma'auni ɗaya kacal na sodiyam (abin da lab ke rubutawa meq 1 a giram 100 na ƙasa) daga santimita 30 a hekta guda ana bukatar wajen tan 3 da rabi, kuma a hankali yake narkewa, ba aikin damina ɗaya ba ne. Amma zuba jifsam a ƙasa mai gishiri zalla asarar kuɗi ce, ita ruwa da mafita take so. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa a zuba toka ko farar ƙasa. Haba jama'a, toka fa da ita ake yin ruwan toka a madadin kanwa, ta yaya za ta gyara ƙasar da kanwa ta yi wa yawa? Waɗannan maganin ƙasa mai tsami ne. In ƙasar na da farar ƙasa a cikinta tun asali, farar wuta ma tana aiki, sai dai ta fi jinkiri. Takin zamani kuma a bi a hankali, shi ma gishiri ne, mutum ya ga shuka ta yi rawaya ya ƙara mata buhu sai ta ƙone gaba ɗaya, alhali a pH mai yawa zinki da ƙarfe ne ke gagarar saiwa. Yuriya in an watsa ta a sama a irin wannan ƙasar da yawanta iska ke tafiya da shi, a binne ta. Supa ya fi dacewa don akwai jifsam a cikinsa, sai takin gargajiya da buntun shinkafa da kara a rufe ƙasar kar rana ta riƙa jawo gishirin sama.

Zaɓin abin shukawa ma ana kuskure. Albasa da karas da masara ba sa jure gishiri ko kaɗan, tun EC bai kai 2 ba amfaninsu ke fara raguwa, tumatir wajen 2.5, shinkafa 3, alkama tana kai 6, dawa kusan 7, auduga da sha'ir kusan 8. Mutum ya dage sai albasa a fangalin da ya yi fari, to me ake tsammani. Kuma in ana ban ruwa ta kwarin kunya, gishirin yana taruwa ne a tsakiyar kan kunyar, zaka ga farin layi a can, don haka a dasa a gefen kunya kusa da inda ruwa ke tsayawa.

A makiyaya kuwa lissafin daban ne, ba wanda zai sayi tan-tan na jifsam don ciyawar shanu, abin yi shi ne a kare ɗan yashin nan na sama. Kuskuren da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne a kawo tarakta a yi huɗa mai zurfi da sunan za a gyara fili, garma ta juyo da fallen sodiyam ɗin sama ta binne 'yar ƙasa mai rai, shikenan wurin da yake ba da ciyawa ko yaya ya koma fako. Haka barin garke ya yi ta tattaka wurin yana jiƙe, ko a kafa mashaya a kai, ko a cinye ciyawar ƙarƙaf har iska ta kwashe yashin. A bar shi ya huta farkon damina har ciyawa ta zubar da iri, a jibge ƙaya da kara a kan tabon da ya fara buɗewa don su tare yashi da iri, a bar kirikiri da goruba da aduwa da suka riga suka saba da wurin maimakon kawo baƙon iri. Kuma kar a manta irin wannan ƙasar tana da nata amfanin ga dabba, shi ya sa duk ƙarshen damina wajen watan Satumba Buzaye da Wodaabe ke kora garkunansu zuwa Ingal a jihar Agadas don dabbobi su sami ƙasa da ruwa da ciyawa masu gishiri. Sai dai shi ma da iyaka, rijiya ko tafkin da rani ya ƙafar har ruwan ya yi kauri da gishiri yana sa dabba zawo, ƙanana da masu ciki sun fi jin jiki, dabbar da ta sha doguwar tafiya da ƙishirwa kuma kar a sake ta a kan irin wannan ruwan ta sha ta ƙoshi lokaci ɗaya, a fara ba ta mai daɗi tukunna.