Kurakuran da aka fi yi wajen tsara matakan wasan fasa bulo, da yadda ake gyara su

Wasan fasa bulo wasan bidiyo ne da ake buga ƙwallo da sanda don a fasa bulo a kan allo, editansa kuma shi ne manhajar da ake tsara matakan wasan da ita. Duk wanda ya fara buɗe wannan edita, abin da yake yi kusan iri ɗaya ne: ya rubuta sunansa da bulo, ko ya zana fuska, ko tuta. Ya ja da baya ya kalla, ransa ya yi fari. Da ya danna gwaji kuwa, sai ya kwashe minti goma yana fama da bulo biyu da suka maƙale a kusurwa. Edita hoto yake nuna maka a tsaye, shi kuwa mai wasa hanyar ƙwallo yake bi, kuma yawancin kurakuran da za mu duba daga nan suke tasowa.

Kafin ka ajiye bulo ko ɗaya, ka tuna yadda ƙwallon take tafiya. Idan ta bugi bango ko bulo, komawa take yi da irin karkatar da ta zo da ita. A yawancin waɗannan wasanni, wuri ɗaya ne mai wasa yake iya sauya mata alkibla, wato a kan sandar da yake tare ta da ita a ƙasa: tsakiyar sanda na tura ta sama kusan a miƙe, gefen sanda na kwantar da ita. Ikonsa ke nan gaba ɗaya. Matakin da ya raba shi da wannan ɗan iko ya mayar da shi ɗan kallo.

Babban abin da ke lalata matakan sababbin hannu shi ne bulon da ba ya fashewa. A Arkanoid, wanda kamfanin Taito ya fitar a 1986, irin wannan bulo launin zinariya ne, na azurfa kuma sai an buge shi fiye da sau ɗaya yake fashewa, kuma wasanni da yawa da suka biyo baya sun ɗauki tsarin. Sabon mai tsarawa na ganin na zinariya sai ya hau gina akwati da katanga da lungu-lungu. Abu uku ke biyo baya. Wani lokaci ya rufe bulo mai fashewa ta kowane ɓangare, matakin ya zama ba shi da ƙarshe sam, kuma ba kowane edita ne zai gargaɗe ka ba. Wani lokaci ƙwallo ta shiga tsakanin katanga biyu ta kama kai da komo a hanya ɗaya ba ta saukowa, tunda ba abin da zai sauya mata alkibla. Akwai wasannin da ke ɗan karkata ta idan ta daɗe a haka, amma kada ka dogara da wannan. Na ukun ya fi wuyar ganewa: ƙofa ta yi ƙanƙanta. Bulo ya fi faɗi a kan tsayi, saboda haka gurbin bulo ɗaya a ƙasan akwati ƙofa ce mai ɗan dama, amma gurbin bulo ɗaya a gefen akwati tsaga ce kawai, sai ƙwallo ta zo a kwance sosai take iya kutsawa.

Gyaran ba shi da wuya. Duk akwatin da ka gina, ka ba shi ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Ƙofar gefe ta kai tsayin bulo biyu. Idan katanga biyu na fuskantar juna, ka cire bulo ɗaya daga ɗayarsu, ko ka sa na azurfa a wurin, yadda bayan ɗan bugu hanya za ta buɗe da kanta. A ganina bulon zinariya kamar gishiri yake a miya, kaɗan ya isa.

Sai batun bulon ƙarshe, wanda duk mai buga irin wannan wasa ya san takaicinsa. Allo ya yi fayau, saura bulo ɗaya tilo can sama, ƙwallo na wuce shi ta dama ta hagu, gudunta kuma na ƙaruwa. Yawanci laifin mai tsarawa ne, domin ya warwatsa bulo ɗai-ɗai don ado, kamar taurari a saman zanensa. Ka riƙa tara su rukuni-rukuni. Idan ka gwada matakin sau uku ka ga bulo ɗaya ne kullum yake saura, ka goge shi, ko ka matso da shi jikin bango inda ƙwallo ke yawan bi, ko ka ajiye kyautar bindiga, irin kyautar da ke faɗowa idan an fasa bulo, a kusa da ƙarshen mataki don mai wasa ya harbe shi ya huta.

Akwai kuma masu sauko da bulo har kusa da sanda don su cika allo. Ƙwallo na tashi ta bugi bulo ta dawo kafin ido ya kama ta, rai, wato ɗaya daga cikin damar da mai wasa yake da ita, ya tafi a banza. Ka bar fili mai yalwa a ƙasa, misali kashi ɗaya cikin uku na allon, musamman a matakan farko.

Filin sama ma yana da nasa amfani, kuma an fi mantawa da shi. Tun a Breakout na Atari, wanda ya fito a 1976 da sahu takwas na bulo, lokacin da ya fi kowane daɗi shi ne sa'ad da mai wasa ya haƙa rami a gefe, ƙwallo ta haura bayan katanga ta yi ta ɓarin bulo ita kaɗai. Waɗanda suka ƙera wasan sun sa wa wannan lokaci farashi: da zarar ƙwallo ta keta jan sahun bulo da ke can sama ta taɓa bangon sama, sanda sai ta koma rabi. Idan ka manna bulonka da rufin allo, ka toshe wannan daɗin. Ka bar sahu biyu ko uku babu komai a sama, ka kuma bar wuri ɗaya mai rauni a katanga wanda mai lura zai gano ya nufa.

Kyaututtukan da ke faɗowa, waɗanda a Arkanoid suke zuwa da siffar kafso, su ma ana ɓata su. Wani ya cusa kyauta a kowane bulo, allo ya cika da abubuwa masu zubowa, mai wasa ya rasa ƙwallo ce zai bi ko kafso. Wani kuma ya zuba masu cutarwa zalla, irin mai rage sanda da mai ƙara gudu, yana ganin wahala ke nan. Idan editanka ya ba ka damar zaɓar inda kowace za ta fito, ka yi tunanin lokacin da za a buƙace ta. Mai faɗaɗa sanda ta dace da sahun ƙasa, a same ta da wuri. Mai raba ƙwallo gida uku ta fi amfani inda bulo ya yi cunkoso. A ƙarƙashin katangar zinariya kuwa bindiga ba ta tsinana komai, tunda harsashi a miƙe yake tashi.

Launi: kada bulo mai bugu ɗaya da mai bugu uku su yi kama, kada kuma hoton bango ya haɗiye ƙwallo. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Idan jerin matakai kake haɗawa, kada ka fara da wanda ka fi alfahari da shi, domin galibi shi ne ya fi wuya. Na farko ya zama bulo mai bugu ɗaya zalla. Na azurfa ya shigo daga baya, na zinariya bayan haka, kowane sabon abu ya fara bayyana shi kaɗai kafin a gauraya shi da wasu. Bayan mataki mai zafi ka sa mai sauƙi a sha iska.

Sannan gwaji. Kai da ka gina matakin ka san inda kowace kyauta take ɓoye, ka san ramin da za ka haƙa, saboda haka cin da ka yi masa ba hujja ba ce. Ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ka zauna gefe ka yi shiru, ko da ka ga yana ɓata. Ka duba agogo, ka lura da inda ya rasa rai da inda ya fara hamma. Idan ka zo gyara, ka sauya abu ɗaya ka sake gwadawa, ka kuma adana tsohon da wani suna daban kafin ka taɓa shi, don sau da yawa za ka so komawa kansa.